Kanta Na Kabi, Sarkin Da Ya Mallaki Ruwa

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau shi ne gasar wasannin ruwa ta duniya wadda aka yi a ƙasar Singafo cikin watan Yuli da farkon Agusta na 2025. A wurin ana tseren iyo, ana tsalle daga bisa a faɗa ruwa, ana ƙwallo cikin ruwa. Nijeriya ta aika da 'yan wasanta kaɗan, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka komo gida ba lambar yabo. Ba kuwa wannan ne karo na fari ba, gama tun 1973 da aka soma wannan gasa ta manya a ƙasar Yugoslabiya, ba a taɓa rataya wa ɗan Nijeriya zinariya ko azurfa ko tagulla a cikinta ba. Da muka taɓo zancen a aji, sai wata yarinya ta yanke hukunci nan take, wai ai mu dama ba mutanen ruwa ba ne, iyo na Turawa ne da mutanen bakin teku. Yarinyar nan kuwa haifaffiyar Gwandu ce, kakanninta na wajen uwa suna Kalgo, ana ganin fadama daga bayan gidansu. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Don haka na ga ya kamata yau in ba ku labarin mutumin da ya kafa mulki a ƙasar nan tamu shekara ɗari biyar da suka wuce, ya kuwa kafa shi ne bisa ruwa, watau Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi na fari.

Ke da ke zaune a Gwandu, ko kin san daga inda sunan garinki ya fito? Masu tarihi sun ce tun kafin zuwan Shehu da Malam Abdullahi, wurin nan gandun Kanta ne, watau babbar gonar sarki, da bayi masu noma ta da sarkin gandu mai duba su. Gandu ɗin nan ne baki ya juya ya zama Gwandu. Ashe ke nan ko ba ki taɓa jin labarinsa ba, kullum kina ambaton gonarsa.

Labarin haihuwarsa da ƙuruciyarsa a bakin tsofaffi da makaɗan fada aka samo shi. Sun ce sunan ubansa Makata, ya zauna a Kuyambana cikin ƙasar Katsina, ya sami sarautar wurin. Uwarsa kuwa Tamatu, 'yar Sarkin Katsina. Da uban ya rasu sai aka tsallake Kanta aka ba wani sarautar. Yaron bai tsaya jayayya ba, ya bar gari ya shiga daji, ya bi Filani yana yi musu kiwo. A can ya yi ƙarfi, ya shahara wajen dambe da kokawa, har ya zama duk garin da suka sauka sai ya kā da zakaran garin. Samari marasa abin yi, da waɗanda aka ɓata wa rai a gida irinsa, suka dinga binsa, har suka zama runduna. Da su ya yiwo yamma, ya sauka a kwarin gulbin nan da muke kira gulbin Kabi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Infakul Maisuri, ya rubuta cewa Kanta bawan Filani ne wanda ya yi ƙarfi ya tayar. Kabawa ba su yarda da wannan ba ko kaɗan, su a wurinsu jikan sarki ne da ya yi kiwo don ransa ya ɓaci. Ni dai abin da na lura, lokacin da aka rubuta littafin nan ana tsakiyar yaƙi da Kabawa, kuma duka labaran biyu sun haɗu a wuri guda: mutumin nan ya bi bayan shanu da sanda, ba wanda ya miƙa masa rawani a kan tabarma. Sunan uwarsa kuma bai ɓata ba, ga shi muna faɗinsa bayan shekara ɗari biyar. Sarakuna nawa ne na zamanin da aka manta har da nasu sunan, balle na iyayensu mata?

A zamanin nan babbar daula a yammacinmu ita ce Songai, hedkwatarta Gawo a bakin Kwara, sarkinta Askiya Muhammadu wanda ya hau a 1493. Ikonsa ya kai Tambutu da Jenne, ya gangaro Dandi, har ya taɓo ƙasar Kabi. Kanta a lokacin yana riƙe da garin Leka, yana cikin masu bin Askiya. Daga nan labarinsa ya fita daga bakin makaɗa ya shiga takarda, gama wani malamin Tambutu, Abdurrahman Sa'adi, ya rubuta shi cikin littafinsa Tarihus Sudan wajen 1655.

Ga yadda abin ya faru. Wajen 1515 zuwa 1516 Askiya ya kai yaƙi Agadas, Kanta da mutanensa suna cikin rundunar. Aka ci nasara aka juyo. Kanta ya zuba ido a raba ganima a ba shi rabonsa, shiru. Ya tuntuɓi hakimin Dandi, wanda shi ne babba a wannan gefen, hakimin ya gargaɗe shi cewa wanda duk ya tambayi Askiya rabo, ɗan tawaye za a ɗauke shi. Kanta ya haɗiye. Amma mutanensa da suka bar gonakinsu da iyalinsu suka ratsa hamada, ba su haɗiye ba, suka matsa masa. Ya sāke komawa, aka sāke hana shi. Daga nan ya ce ya daina bi. Aka gwabza da rundunar hakimin Dandi, ba su iya kā da shi ba. Shekarar da ta biyo, 1517, Askiya ya sāke aiko da yaƙi, aka koma hannu banza. Tun daga ran nan Kabi ta zama mai kanta.

To, uwargida, tsaya mu yi tunani a nan. Yaya aka yi mai garin Leka ya gagari sarkin da ya ci Agadas? Jaruntaka dai akwai ta, amma jarumai ba su ƙare a Songai ba. Amsar tana nan a bayan gari. Wadda duk ta taɓa tsayawa a Kalgo cikin watan Agusta ko Satumba ta dubi fadama, ta san yadda gulbin nan ke yi. Da rani za ki gan shi siriri, yara na ƙetarewa da ƙafa a wani wurin. Da damina ta nutsa sai ya batse, ya shafe gonaki da hanyoyi, ya zama kamar ba shi da gaɓa, ga laka, ga ciyawa mai tsawo, ga ramuka a ƙarƙashi waɗanda sai ɗan gari ya san inda suke. Ƙarfin Songai a kan doki yake. Doki kuwa da mahayinsa da lifidi da sulke, in suka shiga laka, sun zama abin tausayi. Bakabe yana cikin kwale-kwalensa, ya san mashigi, ya san inda ƙafa ke taɓa ƙasa, in jirgi ya kife ya yi iyo ya fita, in ta ƙi ya yi nutso ya ɓullo a wani wuri. Da irin waɗannan mutane Kanta ya yi yaƙi.

Abin da ya fi ba ni dariya cikin labarin duka, malamin Songai ne da kansa ya rubuta shi, ba Bakabe ba. Wani Askiya da ya hau daga baya, Muhammadu Bunkan, wanda ya yi sarauta daga 1531 zuwa 1537, mutum ne mai son ado da tambura da yawan fadawa. Ya ɗauko runduna da kansa ya nufo Kabi, aka haɗu a wani wuri da ake kira Wantarmasa. Kabawa suka fatattake su, suka bi su har cikin wata fadama mai laka. Sarkin Songai guda, da rawaninsa da kome, bai iya fita ba sai da shugaban jiragen ruwansa ya saɓa shi a wuya ya ƙetare da shi kamar yadda kike ƙetare kwata da ɗanki. An ce abin da ya fi damunsa a kan hanyar komawa ba asarar mutane ba ce, abin da malaman Tambutu za su riƙa faɗi a bakin masallaci in labari ya kai musu. Ku dubi halin maza! Sai a zamanin Askiya Dawuda, bayan an sāke gwabzawa a 1552, aka yi sulhu tsakanin Songai da Kabi a 1553.

Kanta ya san abin da ya tsirar da shi, bai kuwa yi wasa da shi ba. Tsofaffi sun ce ya sa an sassaƙa masa wani ƙaton jirgi aka lulluɓe shi da jan ƙarfe, matuƙa hamsin ke tuƙa shi. In ruwa ya cika sai ya shiga ya zaga garuruwansa, a daidai lokacin da sauran sarakunan ƙasar Hausa ke zaune a gida suna jiran hanya ta bushe. Ki kwatanta a ranki yadda jirgin nan zai riƙa walƙiya da hantsi a tsakiyar fadama, mata suna barin sussuka suna fitowa kallo. Masuntan nan da muke kira Sarkawa, waɗanda suka bazu a bakin Kwara har Yawuri da gaba, da ƙasar Kabi ake danganta su, sana'arsu kuwa ta sassaƙar jirgi da su da farautar dorina ta girmi Kanta. Shi dai ya gane amfaninsu ne, ya jawo su jiki.

Manyan biranensa uku ne, Leka da Gungu da Surame, amma Surame ce gidan sarauta. Kufanta yana nan har yau a Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, an kuwa sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Abin mamaki a wurin shi ne ganuwa. Mun saba da ganuwar ƙasa irin ta Kano da Katsina da Zariya, amma ta Surame da duwatsu aka gina ta, aka haɗa da jar ƙasa, tana zagaye wuri mai faɗin gaske, wani gefen ma ganuwa ce cikin ganuwa. Shekara ɗari uku ke nan ba kowa a garin sai itatuwa da namun daji, duk da haka akwai inda ginin ke tsaye.

Sai dai kada in yi ta yabo in ɓoye muku sauran. Ganuwar nan ba da lallashi aka gina ta ba. Kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa sai da ta aiko da mutane aikin tilas, aka yanka wa kowa nasa gefen. An ce Azbinawa an sa su jigilar ruwa a kan raƙumansu. Nufawa kuwa, wai sun makara ba su zo ran da aka sa musu ba, sai Kanta ya hana su taɓa ruwa, ya ce da man kaɗe za su kwaɓa ƙasarsu. Maza in suna ba da wannan labari dariya suke yi, suna cewa gefen Nufawa ya fi ko'ina ƙarfi. Ni kuwa da na ji, tsofaffin mata na tuna. Wadda ta taɓa yin man kaɗe ta san abin da ke ciki: tsintar ƙwara da sassafe, dafawa, shanya, fasa, suya, daka, niƙa, sa'an nan a zauna ana bugu har hannu ya mutu, kafin a sami ɗan abin da zai cika ƙwarya. To, ƙwarya nawa za ta kwaɓa ganuwa? In labarin nan haka yake, to, hukuncin da aka yi wa mazan Nufe a kan matansu ya sauka, ba kuwa wanda ya ambace su. Kanta gwarzo ne, amma ba na jin akwai wadda za ta so a ce ɗanta yana cikin masu ɗaukar dutse a Surame.

Ikonsa ya yi faɗi. A ganiyarsa ana jin tsoronsa daga Azbin har Nufe, ƙasashen Hausa da yawa kuma sun san da zamansa. Wannan ya haɗa shi da ɗaya babbar daular, watau Barno, wadda ta daɗe tana ganin ƙasar Hausa tata ce. Labarin Kabawa ya ce Sarkin Barno Mai Ali ya kawo yaƙi har gindin ganuwar Surame ya kewaye ta, aka yi ta ɓarin kibau, mutanen gari suka ragu. Sai Kanta ya sa aka jera gawawwakin mayaƙansa a kan ganuwa, kowa da bakansa a hannu, aka tsaga musu baki kamar suna dariya. Da gari ya waye Barebari suka hango ganuwa cike da mutane suna yi musu dariya, suka karaya, suka kwashe sansani. Labari ne mai tayar da tsigar jiki, amma ya nuna irin mutumin. Bai bar su sun tafi lafiya ba, ya bi su har Nguru ya ci su da yaƙi.

A kan hanyarsa ta komowa ne ajali ya same shi. A cikin ƙasar Katsina, ƙasar kakanninsa na wajen uwa, wajen Rimin Ɗan Ashita, waɗansu da suka ƙi bi suka yi masa kwanto, kibiya mai dafi ta same shi. Aka ɗauko shi, ya cika a wani gari Jirwa. Mutumin da Songai da Barno suka kāsa, ga shi kibiya ɗaya ta wani da ba a ko riƙe sunansa ba ta gama da shi. Tarihus Sudan ya sa rasuwar Muhammadu Kanta a 1556, jerin sarakunan Kabi kuma yana kai ta 1561. An ce mutanensa sun kawo gawar gida, suka haƙa kushewa goma sha biyu a wurare dabam dabam don kada abokan gaba su san inda yake kwance su tone shi.

Sunansa ya zama sunan sarauta, har na bayansa ma Kanta ake ce musu a ƙasashen waje. Akwai wani abu da ya faru bayan rasuwarsa wanda ya tabbatar mini cewa zancen jirage ba tatsuniya ba ce. A 1591 sojan Maroko masu bindiga suka ratso hamada suka rushe daular Songai. Sarkin Maroko, Ahmadul Mansur, ya aiko da takarda zuwa ga Sarkin Kabi na lokacin, Kanta Dawuda, yana zarginsa da ɓoye 'yan gudun Songai da taimakonsu, yana barazana, yana kuma neman a ba shi jiragen ruwa. Ku ji fa, sarkin da ke da bindiga da zinariya, daga can bayan hamada, abin da ya sa wa ido a ƙasarmu jiragenmu ne. Sojansa kuwa ba su taɓa cin Kabi ba.

Sauran labarin kun san shi ko kun ji gefensa. A farkon ƙarni na 18 aka tashi daga Surame, Sarkin Kabi Tomo ya zauna Birnin Kabi. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, Shehu da jama'a suka sauka a Gwandu, tsohon gandun Kanta ya zama gidan malamai da sarauta. Jikokin Kanta suka koma Argungu, aka yi ta yaƙi tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato kusan ƙarnin nan duka, in ban da 'yan shekarun Lafiyar Toga. Nan ma fadamar nan ce ta tsare su, yadda ta tsare kakansu. Kakanninmu na kowane gefe sun sha wuya, ba gidan da bai yi kuka ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya tafi Argungu ziyara, Kabawa suka rasa abin da za su girmama shi da shi wanda ya wuce su nuna masa gwanintarsu ta ruwa, aka shirya masa babban su. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda yanzu baƙi ke zuwa kallo daga ƙasashen duniya, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016.

Wadda ta taɓa zuwa Matan Fada ta ga abin da nake nufi. Dubban maza ne ke rugawa cikin ruwa lokaci guda, kowa da homa biyu da ƙatuwar gora. A bikin 2020 giwan ruwan da ya ci na ɗaya kilo 78 ne, ya fi mace babba nauyi. Ban da wannan akwai wasannin da ake kira kabanci: tseren kwale-kwale, tseren iyo, nutso a ga wanda zai fi daɗewa, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu tsirara. Ba wanda ya koyi wannan a makaranta ko a tafkin siminti, gadon mutanen Kanta ne. Duk sa'ad da na ji an ce 'yan wasanmu sun komo daga gasar duniya hannu banza, sai in tambayi kaina ko akwai wanda ya taɓa zuwa bakin Matan Fada da agogo a hannu ya auna gudun yaran nan, ya ɗauki biyu ko uku ya ba su abinci da malami.

Amma abin da ya fi ci mini rai namu ne, mu mata. A babban sun nan ba ma shiga ruwa, namu waƙa da guɗa daga gaɓa. Ba na jayayya da wannan, kowa da wurinsa. Sai dai ruwa in ya tashi ci ba ya tambayar mace ce ko namiji. Mu ne masu wanki a bakin gulbi, 'ya'yanmu mata ne ake aika ɗiban ruwa da itace, mu ne ke cika jirgi ran kasuwa da goyo a baya. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta jiharmu ta Kebbi, ya tsage a tsakiyar Kwara da mutum fiye da ɗari a ciki. Gawawwakin da aka tsamo sun haura saba'in, mata da yara da yawa a cikinsu. Allah ya jiƙansu. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ba shi da magani sai a ƙi shiga, rigar nan mai hana nutsewa kuma ya kamata ki tambaye ta ba kunya kafin ki sa ƙafa. Amma sau nawa muka ji yarinya ta halaka a ruwan da bai fi tsawon ɗaki biyu daga gaɓa ba, ƙanenta da bai kai ta ba ya fita?

Mace kuwa tana iyawa. Wata yarinya 'yar Nijeriya, Ayomide Bello, ta ci zinariya a tseren kwale-kwale a Wasannin Afirka da aka yi a Rabat ta Maroko a 2019, ta kuma tuƙa wa ƙasar nan a wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021. Ba ma sai mun je nesa ba. Kakata ta wajen uba, mutuniyar bakin fadamar Kalgo, da kanta take tuƙa jirgi zuwa gonar shinkafa, in kuwa ya kife ta san yadda za ta juyo shi. Ni jikanyarta, da na yi makaranta har ina koyar da 'ya'yan mutane, in ruwa ya kai mini ƙirji sai salati. Na faɗa wa 'yan ajina haka, suka yi ta dariya, sa'an nan na ce wadda ta iya iyo ta ɗaga hannu. Hannu biyu na gani, su ma rabi rabi.

Na riga na yi magana da wata gwaggona a Kalgo, wadda ta gaji kakar tamu. Akwai wani ɗan tafki a bayan gonarsu da ruwa ke bari in ya janye bayan kaka, bai wuce ƙugu ba, maza kuma ba sa bi ta wurin da hantsi. Ta ce in zo da hutu, da zane biyu da gora irin ta masu su. Yarinyar nan da ta ce mu ba mutanen ruwa ba ne, uwarta ta yarda mu tafi tare, uban ne dai ya ce sai ya yi shawara.